Gunnar Engellau: Shugaban Volvo da ya samar da motar P1800, ya kuma ɓoye sunan wanda ya zana ta

A watan Yunin 1966 wani malamin makaranta a jihar New York ta Amurka mai suna Irv Gordon ya sayi wata jar mota ƙirar Volvo mai ƙofa biyu a kan dala 4,150. Lokacin da ya rasu a 2018, motar nan guda ɗaya ta ci sama da mil miliyan 3.2, wato fiye da kilomita miliyan 5, tafiyar da ta haura zuwa duniyar wata da dawowa sau shida. Wannan ne ya sanya ta a kundin bajinta na Guinness a matsayin motar gida da mutum ɗaya ya fi yin tafiya da ita.

Motar tana cikin jerin da aka fi sani da P1800, wadda kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya ƙera daga 1961 zuwa 1973. Duk lokacin da aka ɗauko labarinta, sunan Gordon ake fara ambata, sai kuma na ɗan wasan Birtaniya Roger Moore da ya riƙa tuƙa fara a talabijin. Ba kasafai ake tunawa da Gunnar Engellau ba, mutumin da ya shugabanci Volvo daga 1956 zuwa 1971. Bai zana ko layi ɗaya a jikin motar ba, bai kuma ɗaure mata ko noti guda ba. Nasa aikin shi ne ya ce a yi ko a bari, kuma sau uku maganar motar ta zo gabansa yana yanke hukunci. Biyu daga ciki su ne suka ba ta ƙarkon da ake yabo har yau. Ɗayan kuwa ya zama tabo a tarihinsa.

Daga injin jirgin sama ya fito

An haifi Engellau a birnin Stockholm ranar 11 ga Nuwamba, 1907. Ya karanci aikin injiniya a KTH, babbar kwalejin fasaha ta birnin. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka naɗa shi shugaban Svenska Flygmotor, masana'antar injinan jiragen sama da ke garin Trollhättan, wadda Volvo ta sayi mafi yawan hannun jarinta tun 1941.

Ba lokacin jin daɗi ba ne. Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, amma yaƙin ya kewaye ta. Sojojin Jamus sun mamaye maƙwabtanta biyu, Norway da Denmark, tun 1940, kuma a shekarar ce Amurka ta dakatar da turo jiragen yaƙin da Suwidin ta yi oda. Dole ƙasar ta ƙera nata. Masana'antar Trollhättan ta ɗauko wani injin Amurka mai silinda 14 na kamfanin Pratt & Whitney, ta wargaza shi, ta auna kowane ƙarfe, ta kwaikwaye shi ba tare da takardun zanensa ba. Bayan yaƙi kuma ta koma ƙera injinan jet da lasisin kamfanonin Birtaniya, de Havilland da Rolls-Royce, waɗanda aka riƙa sa wa jiragen yaƙin Saab.

Shekara 13 Engellau ya yi a wannan wuri. A masana'antar mota, idan aka yi sakaci da wani ƙarfe, direba zai gangara gefen titi ya kira makaniki. A ta jirgin sama babu gefen titi. Wanda ya taso a irin wannan horo da wuya ya saba da kalmar a lallaɓa, kuma da wannan hali ya isa hedikwatar Volvo a birnin Gothenburg.

Motar roba da ya tarar

Wanda ya gada shi ne Assar Gabrielsson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Volvo, shi da Gustaf Larson, suka fitar da motarsu ta farko a watan Afrilun 1927. Gabrielsson bai bar kamfanin ba, ya koma shugaban hukumar daraktoci ne, kuma ya riƙe wannan kujera har rasuwarsa a 1962. Ke nan sabon shugaban yana aiki ne a gaban idon tsohon.

A lokacin Volvo ƙaramin kamfani ne a ma'aunin duniya. An san shi da manyan motocin ɗaukar kaya da bas-bas, da kuma wata motar iyali mai ƙusumbin baya da ake kira PV444, wadda aka fara kaiwa Amurka a 1955. Motoci ne masu ƙwari, amma babu wanda ke waiwayowa ya kalle su a titi.

Gabrielsson ya so ya gyara wannan. A wata ziyara da ya kai Amurka a 1953 ya ga Chevrolet Corvette, motar gayu marar rufi wadda aka yi bodinta da wani irin roba mai haɗe da zaren gilashi a maimakon ƙarfe. Abin ya burge shi, ya nemi kamfanin Glasspar na jihar Kalifoniya, wanda ya ƙware a wannan aiki, suka haɗa wata mota da aka sa wa suna Volvo Sport, ko P1900. A hoto ba ta da laifi. A kan titi kuwa kyan ɗan maciji ne. Shasinta ba shi da ƙarfi, yana murɗewa, ƙofofi suna saki, bodin yana tsagewa. Wata doguwar tafiyar gwaji da aka yi da ita zuwa kudancin Turai da arewacin Afirka ta fito da waɗannan matsaloli fili.

Engellau bai tsaya ga rahoto ba. Ya karɓi makullin guda ɗaya ya yi tafiyar ƙarshen mako da ita. Ya dawo yana ganin sa'a ce ta sa motar ba ta wargaje da shi a hanya ba, kuma ya ba da umarnin a daina ƙera ta. A 1957 aka rufe babinta, ba a kai ga ƙera guda 70 ba.

Wannan shi ne hukuncin farko, kuma ya fi ƙarfin yadda ake ganinsa daga nesa. Motar ta maigidansa ce, wanda ya kafa kamfanin, wanda kuma ke zaune a saman teburin daraktoci. Sabon shugaba da bai daɗe a ofis ba yakan nemi hanyar da zai bar irin wannan aiki ya mutu a hankali don kada a ɓata wa kowa. Engellau bai yi hakan ba.

Sai dai ya yarda da tunanin da ya haifi motar. Yana son Volvo ta kafu a Amurka, kuma ya san kamfani na buƙatar mota guda da za ta jawo mutum ya shigo wurin dillali, ko da a ƙarshe motar iyali zai saya ya fita. Abin da ya ƙi shi ne a manna sunan Volvo a jikin abin da ba zai jure ba. Don haka ya amince a sake gwadawa, da bodin ƙarfe, da rufi, a kan ginshiƙin sabuwar motar kamfanin mai suna Amazon, da aka ɗan rage wa tsawo. Ya kuma sa sharaɗi ɗaya: a Italiya za a zana ta.

Zane na biyar

Sharaɗin yana da dalili. A shekarun 1950 Italiya ce makarantar zanen mota, kuma sunan gidan zane na birnin Turin a jikin mota ya isa ya ƙara mata farashi. Volkswagen ta riga ta gwada: ta ɗauki injin da shasin motarta ta talakawa, kamfanin Ghia ya zana mata sabuwar riga, aka samu Karmann Ghia, tana kuma tafiya a kasuwa.

Wanda aka ɗora wa jagorancin aikin shi ne Helmer Petterson, injiniya mai ba Volvo shawara, wanda ya taka muhimmiyar rawa wajen samar da PV444. Helmer yana da ɗa mai suna Pelle, wanda bai wuce shekara 25 ba, ya kuma karanci zanen kayan masana'antu a kwalejin Pratt da ke New York. Uban ya samo wa ɗan gurbi a gidan zanen Pietro Frua a Turin, wanda a lokacin ke ƙarƙashin Ghia, wato daidai inda Volvo ta kai aikinta.

A 1957 aka kawo wa Engellau zanuka. Huɗu na Italiyawa ne. Helmer ya cusa na biyar a ciki, na ɗansa, ba tare da ya faɗa ba. Engellau ya duba, ya nuna na biyar ɗin, kuma sauran waɗanda suka gani ma shi suka fi so.

Da gaskiya ta fito, ransa ya ɓaci ƙwarai. Yana ganin an yi masa wayo a cikin ofishinsa, kuma ya yi alkawarin ba za a taɓa bayyana Pelle a matsayin wanda ya zana motar ba. Ya cika alkawarin. Shekara da shekaru Volvo tana tallata P1800 a matsayin aikin Frua na Italiya.

Ana iya fahimtar fushin. Babu shugaban da ke son a yi masa rufa-ido, kuma abin da Helmer ya yi son kai ne na uba. Akwai kuma lissafin kasuwa, domin sunan Italiya ya fi sunan wani matashi ɗan Suwidin sayuwa a Amurka. To amma wanda ya yi wayon daban, wanda aka hukunta daban. Pelle bai yi komai ba illa ya zana abin da ya fi na kowa kyau, kuma idon Engellau ne da kansa ya tabbatar da hakan lokacin da bai san mai zanen ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da Pelle ya zana mota ce mai dogon gaba da gajeren ɗaki, rufinta a ƙasa, tagoginta ƙanana, mutum yana zama can ciki kamar a kwale-kwale. A baya akwai 'yan fukafukai biyu irin na motocin Amurka na zamanin, amma ba su yi tsini ba. Wani siririn ƙarfe mai ƙyalli ya bi gefenta ya lanƙwasa sama a wajen ƙofa, kuma bambar gaba ta motocin farko ta rabu biyu ta miƙe sama kamar ƙahon sa. Akwai kujerar baya, sai dai yara ko jaka kawai za ta ɗauka.

Neman wanda zai ƙera

Zane ya samu, wurin ƙira babu. Masana'antar Volvo da ke Lundby a Gothenburg ta cika da aikin Amazon da PV. Frua ya haɗa samfuran gwaji guda uku da hannu, kuma a watan Disambar 1957 Helmer ya tuƙa na farko zuwa garin Osnabrück na Jamus, hedikwatar kamfanin Karmann. Injiniyoyin Karmann sun karɓi aikin har sun fara shiri. Sai Volkswagen, babbar mai ba su aiki, ta ji labari. A farkon 1958 ta nuna musu cewa idan suka ƙera wa Volvo motar da za ta yi gogayya da Karmann Ghia, to su nemi wani abokin ciniki. Karmann ta janye.

An tuntuɓi wasu kamfanonin Jamus, Volvo ba ta gamsu da ingancin aikinsu ba. Aikin ya kusa mutuwa, har Helmer ya fara neman masu zuba jari don ya sayi kayan daga Volvo ya fitar da motar da kansa. A ƙarshe aka juya Birtaniya. Kamfanin Pressed Steel zai buga bodin a masana'antarsa ta Linwood a Sikotilan, a ɗora a jirgin ƙasa zuwa West Bromwich a tsakiyar Ingila, inda kamfanin Jensen, wanda ke yi wa Austin-Healey irin wannan aiki, zai yi fenti ya haɗa. Injin da giya daga Suwidin za su zo. Kwangilar ta motoci 10,000 ce.

An nuna motar ga jama'a a bikin baje kolin motoci na Brussels a watan Janairun 1960, ta kuma shiga kasuwa a 1961. Nan da nan aka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Motocin da ke fitowa daga Ingila suna zuwa da fenti marar kyau, ƙofofi ba su zauna daidai ba, ruwa yana shiga. Rukunin farko sai da aka kai su Gothenburg aka sake yi musu aiki kafin a miƙa wa masu saye. Volvo ta tura nata masu duba aiki, abin bai gyaru yadda ake so ba.

A 1963, bayan an haɗa kimanin 6,000, aka yanke kwangilar aka mayar da haɗa motar gida Lundby. Aka ƙara mata harafin S, ta zama 1800S, alamar Suwidin. Wannan shi ne ɗaya hukuncin da ya ceci sunan motar, kuma irin na farko ne sak: a yi asarar kuɗi da lokaci yanzu, da a bar mai saye ya gano aibin da kansa. Motar Irv Gordon ta 1966 daga Lundby ta fito.

Sa'ar da ba shi ya nema ba

Akwai wani ɓangare na farin jinin P1800 da babu hannun Engellau a ciki. A 1962 aka fara wani shirin talabijin a Birtaniya mai suna The Saint, inda Roger Moore ke fitowa a matsayin Simon Templar, ɗan gayu mai farautar miyagu. Masu shirin suna neman motar da ta dace da shi. Labarin da ya shahara shi ne sun fara zuwa wurin Jaguar suna neman sabuwar E-Type, kamfanin bai nuna sha'awa ba domin masu layin sayenta sun riga sun yi masa yawa. Volvo kuwa ta ba da mota ba tare da ɓata lokaci ba.

Farar P1800 mai lamba ST 1 ta yi ta yawo a shirin har 1969, ana kallonsa a ƙasashe da dama. Moore, wanda daga baya ya zama James Bond, ya mallaki guda don kansa. Talla ce da kuɗi ba za su iya saye ba.

Gaskiyar magana ita ce motar ba ta da gudun da kamanninta ke nunawa. Injinta na farko, B18, mai silinda huɗu ne, lita 1.8, da kafireto biyu, ƙarfinsa doki 100. E-Type mai silinda shida za ta wuce ta kamar tana tsaye, alhali a Birtaniya farashinsu bai yi nisa da juna ba. Wanda ke neman tsere bai sayi Volvo ba.

Abin da take da shi yana cikin injin ne. B18 na baƙin ƙarfe ne mai kauri, tsarinsa mai sauƙi, kuma karanshaf ɗinsa yana zaune ne a kan madogara biyar a lokacin da yawancin injina masu silinda huɗu uku suke da su. Ƙarin madogara yana nufin ƙarfen ba ya lanƙwasa ko girgiza sosai idan injin yana aiki, don haka ba ya saurin cinyewa. Wannan injin ne dai aka sa wa Amazon da PV544, motocin manoma da malamai da likitocin karkara a ƙasar da hunturu ke daskarar da komai. Saboda haka kayan gyaransa ba su yi wahala ba, kuma duk makanikin da ya san Volvo ya san P1800. Yawancin motocin gayu na wancan zamani sun ƙare a bayan gareji saboda babu mai iya ɗawainiyarsu. Wannan kuwa rigar biki ce a jikin jakin aiki.

Gordon ya tabbatar da hakan ta hanya mafi sauƙi. A kwana biyun farko da sayenta ya yi mil 1,500. Zuwa makarantar da yake koyar da kimiyya da dawowa mil 125 ne kullum. Yana canza baƙin mai a kan lokaci, yana bin abin da littafin motar ya ce. Ya cika mil miliyan 1 a 1987, miliyan 2 a 2002, miliyan 3 kuma a watan Satumbar 2013 a jihar Alaska.

Bel ɗin da aka bar wa duniya

Ko da babu P1800, akwai abin da zai sa a tuna da zamanin Engellau, kuma duk wanda ya shiga mota a yau yana taɓa shi. A 1958 ya ɗauko wani injiniya mai suna Nils Bohlin daga kamfanin Saab, inda yake aikin kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje idan jirgi zai faɗi. Ana danganta damuwar Engellau da wannan batu da mutuwar wani ɗan'uwansa a haɗarin mota.

Bel ɗin da ake da shi a lokacin iri biyu ne, kuma kowanne da illarsa. Na ƙugu kaɗai yana barin kai da ƙirji su daki sitiyari, yana kuma iya yi wa kayan ciki lahani. Na kafaɗa kaɗai mutum yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa. Bohlin ya haɗa biyun a ɗamara guda wadda ke ratsa ƙirji da ƙugu, maƙullinta a gefen kujera, ana kuma ɗaura ta da hannu ɗaya. A 1959 Volvo ta fara sa shi a Amazon da PV544, kuma P1800 da shi ta fito.

Kamfanin ya yi rajistar mallakar wannan fasaha, sannan ya bar ta a buɗe ga duk mai ƙera mota ya yi amfani da ita. A 1967 Bohlin ya gabatar da binciken haɗurra kusan 28,000 da suka auku a Suwidin, wanda ya taimaka wajen shawo kan hukumomin Amurka da na sauran ƙasashe. Abin mamaki ne a ce shugaban da kamfaninsa ya bar wa abokan gogayya fasahar da za ta iya kawo masa dukiya, shi ne kuma ya kasa bar wa wani matashi sunansa a kan zanensa.

A ɓangaren kasuwanci, Volvo ta canza kama a hannunsa. An buɗe wurin haɗa motoci a Halifax ta Kanada a 1963, da babbar masana'antar Torslanda kusa da Gothenburg a 1964, da wata a Ghent ta Beljiyam a 1965, wadda ta ba kamfanin ƙofar shiga kasuwar tarayyar Turai ta lokacin ba tare da harajin shigo da kaya ba. A 1966 aka fitar da Volvo 144, mai siffar akwati, wadda ta zama fuskar kamfanin na shekaru masu yawa. Ya tarar ana ƙera ƙananan motoci kimanin dubu 30 a shekara, ya bari ana ƙera wajen dubu 200, Amurka kuma ta zama babbar kasuwarsu a waje.

P1800 ba ta taɓa zama babban kaso na wannan adadi ba. An dai ci gaba da gyara ta a hankali: injin lita 2 a ƙarshen shekarun 1960, sai 1800E a 1970, wadda aka cire wa kafireto aka sa mata na'urar fesa mai ta Bosch mai aiki da lantarki, ƙarfinta ya kai doki 130, aka kuma sa mata birkin faifai a ƙafafu huɗu.

Bayan ya sauka

A 1971 Engellau ya sauka ya koma shugaban hukumar daraktoci, kamar yadda Gabrielsson ya yi. Wanda ya gaje shi shi ne Pehr Gyllenhammar, ɗan shekara 36, wanda ya fito daga kamfanin inshora na Skandia, kuma mijin 'yarsa Christina. Naɗin bai rasa masu gunaguni ba. Mutumin da ya fusata saboda wani uba ya tura ɗansa gaba, ga shi surukinsa ne ya hau kujerarsa. Gyllenhammar dai ya riƙe Volvo sama da shekara 20, ya kuma zama ɗan kasuwar da aka fi sani a Suwidin a zamaninsa.

A shekarar da aka yi wannan sauyi ne aka nuna siffar motar ta ƙarshe, 1800ES, wadda mai zanen kamfanin Jan Wilsgaard ya ja wa rufi har baya, ya yi mata ƙofar but ta gilashi zalla. 'Yan Suwidin suka yi mata laƙabi da motar kifi. An daina ƙera mai gajeren rufin a 1972, ES kuma a watan Yunin 1973, saboda sababbin dokokin kariya na Amurka, musamman na bamba, za su buƙaci kuɗin da bai dace a kashe wa tsohuwar ƙira ba. Jimillar abin da aka ƙera a shekara 12 bai wuce kimanin 47,000 ba, kusan 8,000 daga ciki ES ne. Ƙofar gilashin ta sake dawowa a Volvo 480 a 1986 da C30 a 2006, kuma a 2020 kamfanin tsere na Cyan Racing ya fara ɗaukar tsofaffin P1800 yana sake gina su da injin zamani.

Pelle Petterson bai zauna jiran a ambaci sunansa ba. Ya koma ruwa, inda ya fi ƙauna. Ya ci wa Suwidin lambar tagulla a tseren jiragen ruwa masu filafilai a gasar Olamfik ta 1964, da ta azurfa a 1972, ya jagoranci ƙasarsa a gasar kofin Amurka ta jiragen ruwa a 1977 da 1980, kuma jiragen da ya zana masu suna Maxi sun cika tasoshin ruwan arewacin Turai. Mahaifinsa Helmer ya rasu a 1980.

Engellau ya bar hukumar daraktocin Volvo a 1978. Ya rasu ranar 5 ga Janairu, 1988, yana da shekara 80. Sai a 2009, shekara 21 bayan rasuwarsa, kamfanin ya fito a hukumance ya amince cewa Pelle Petterson ne ya zana P1800.